Fuskar Abba a Shafi na Tara

Ranar da Malama ta fara ganin Mai Zane, faɗa ta je yi masa.

Wani littafin tatsuniya mai hotuna take karanta wa 'yan ajinta na huɗu, labarin wani jarumin mafarauci. Ana tsakiyar darasi wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce jarumin da ke shafi na biyar yatsu shida gare shi. Malama ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Shida ne cif. Daga nan darasin jarumta ya watse, ajin ya koma gardamar yatsu har aka kaɗa ƙararrawa.

Malama ba ta barin abu ya kwana. Ana tashi ta duba adireshin da ke bayan littafin, ta bi shi har wani ɗaki a saman shagon buga littattafai. Ta zaci tsoho za ta tarar. Sai ga saurayi dogo, fensir a bayan kunne, wani a baki, yana ta birkita takardu yana neman fensir.

"Kai ne ka zana wannan?" ta tambaya, ko gama sallama ba ta yi ba.

Ya cire fensirin daga baki. "In yabo ne, ni ne. In laifi ne, injin da ke ƙasa ne."

Ta buɗe masa shafin ta ɗora yatsa. Ya ƙirga, ya dafe kai, ya ce tunda littafin ya fito babu babba ko ɗaya da ya lura.

"Ni ba manya nake koyarwa ba," in ji ta. "Yara arba'in da uku ne, kuma ba sa yafiya."

Ya yi dariya har ya zauna. Ita kuwa ta so ta ci gaba da shan mur, amma abin ya ƙi. Ya share mata kujera da hannun riga, ya tambaye ta yadda take koyarwa da littafin, don bai taɓa ganin aikinsa a hannun yara ba.

Nan ta yi masa bayani. Shafi ɗaya take buɗewa a rana, sauran kuma ta matse su da maƙalin shanya don kada kowa ya leƙa. Yara su fara kallon hoto su faɗi abin da suka gani, su yi hasashen abin da zai biyo baya, kowa ya rubuta nasa, sannan a karanta. Rubutun labarin takan karanta shi tun a gida, amma hotunan ta yi wa yaran alkawari ita ma ba za ta riga su gani ba.

Ya daɗe yana kallonta. Daga baya ya sha rantsuwa cewa maƙalin shanyar nan ne ya kama shi, ba idanunta ba. Babu wanda ya yarda.

Bayan kwana biyu ya zo ajin da kansa ya ba yara haƙuri. Ya zana hannun jarumin a allo, ya miƙa wa yarinyar da ta kama shi tsumma ta goge yatsa na shida. Ya fita da tafin yara arba'in da uku da lambar wayar malamarsu.

Da yamma saƙonsa ya shigo:

"'Yar Alli, na ƙirga yatsuna yau sau uku, goma ne. Amma hankalina ne bai cika ba, ina jin na bar wani a aji huɗu. Don Allah a duba mini ƙarƙashin tebur."

Ta ba shi amsa:

"Ɗan Tawada, an duba. An same shi, amma dokar makaranta ce sai mai shi ya zo da kansa."

Haka aka fara. Ran Asabar takan hau benen nan da takardun yara, ya zauna yana karanta hasashensu yana ƙyaƙyata dariya, ita kuma tana fiƙe masa fensira. A nan ta gane yadda yake aiki. Ba ya ƙirƙirar fuska daga kansa. Ƙaramin littafi gare shi a aljihu, duk fuskar da ta tsaya masa a rai a titi sai ya ɗauke ta. Sarkin da ke littafin mafarauci direban bas ne, mayyar kuma wata mai sayar da tikiti ce da ta taɓa harararsa.

"Ni kuma wa za ka mai da ni?" ta tambaye shi wata rana.

"Ke ba na littafi ba ce. Littafi kowa na iya saya."

Ta sunkuyar da kai tana fiƙe fensirin da ya riga ya fiƙu.

A makarantar akwai Malamin Lissafi, wanda ya shekara biyu yana ajiye mata kujera a ɗakin malamai, yana ganin hakan ya isa a gane yana sonta. Tunda Mai Zane ya fara zuwa ya shiga cewa karatu da hoto wasa ne, yara su koyi rubutu kawai. Malama ta ɗora masa littattafan rubutun 'yan ajinta a tebur ta ce ya duba. Yaron da a farkon zango ba ya cika layi biyu, yanzu shafi guda yake rubutawa don ya kare jarumin da yake so. Malamin ya riƙe abin a ciki.

Da maganar aure ta taso, Malama ta ce wa Mai Zane lokaci ya yi da zai gaida Abba, mahaifinta. Ta ce ai ma yana wuce shagonsa kullum, shi ne mai gyaran agogo da ke kan layin makaranta.

Nan take Mai Zane ya gane ko wane ne, ya san ya shiga uku.

Duk layin an san Baba Mai Agogo. Gira gare shi mai kauri kamar buroshin takalmi, da ɗan tabo a gefen hanci, in ransa ya ɓaci kuma sai ya ja kunnensa na hagu. Teburinsa a bakin shago yake ajiyewa, kowace safiya yana sanar da yaran da ke jan ƙafa cewa saura minti uku, su kwasa da gudu. Shekara guda kafin nan, Mai Zane ya taɓa zama a dakalin shagon yana zane, tsohon ya kore shi ya ce dakalinsa ba na marasa aikin yi ba ne. Shi kuwa ya rama ta hanyar da ya iya. Sabon littafinsa, labarin jarumar ɗiyar masunci da ta kwaso mutanen ƙauye a jirgin ruwa lokacin ambaliya, yana da wani mai tsaron ƙofa da ya hana su shiga birni. Kuma littafin an gama buga shi, yana ɗaure a kwali a ƙasan bene.

Gaskiya ita ce ya kamata ya faɗa mata a ranar. Bai faɗa ba. Kullum sai ya ce gobe, har ya miƙa mata littafin da hannunsa, ta matse shi da maƙalin shanya tana murmushi.

A mako na biyu aka kai shafi na tara. Malama ta zare maƙalin, ta juya shafin ta ɗaga wa aji kafin ita ta kalla, kamar yadda ta saba. Nan take ajin ya fashe.

"Baba Mai Agogo ne!"

Ta juyo da littafin. Ga Abba tsaye a ƙofar birni da tarin makullai a ƙugu, girar nan a haɗe, ga tabon, ga hannu yana jan kunnen hagu, kunnen kuma an ƙara masa girma har ya kusa taɓa kafaɗa. A gabansa mata da yara a jiƙe suna roƙo. Ta daure ta ƙarasa darasin.

Kafin a tashi labari ya kai ɗakin malamai. Malamin Lissafi ya ari littafin wai zai duba, ya ɗauki hoton shafin a waya, ya bi ta shagon ya nuna wa tsohon, yana ta jajantawa. Shafin nan kaɗai ya nuna masa.

Abba bai ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi tsorata gidan. Bayan an ci abinci ya ce wa Malama, a gaban Umma, wanda ya mai da shi abin dariyar yara ba zai taka ƙofar gidansa ba, balle ya ɗauki 'yarsa. Ta ce a labarin mai tsaron ƙofar ba haka ya ƙare ba. Ya ce shi ba yaro ba ne da za a lallashe shi da tatsuniya, ya ja kunnensa, sai ya tuna, ya sauke hannun da sauri. Wannan sauke hannun ya fi komai yi mata ciwo.

Washegari wasu yara suka wuce shagon suna kiran mai tsaron ƙofa. Abba ya janye teburinsa ya mai da shi can cikin shago inda haske bai isa ba. Tun daga ranar babu wanda ya sake jin saura minti uku.

Mai Zane ya yi ta kira, Malama ba ta ɗauka ba. A kwana na huɗu ta tura masa:

"Zanen ban riƙe ka da shi ba, ba ka san ni ba lokacin. Shirun ne. Ka kalli idona ka miƙa mini littafin, ka bar ni na ɗaga fuskar ubana a gaban aji."

Amsarsa ta zo ba da jimawa ba:

"Ba ni da abin cewa, tsoro ne ya sa ni, tsoron in rasa ki. Na yi laifi, kuma ba injin ƙasa ba ne wannan karon. Abu ɗaya nake roƙo, ki cire maƙalin ki duba shafi na ashirin da biyu. In kin gani kin ce in tafi, zan tafi."

Tunda ta fara koyarwa ba ta taɓa karya alkawarin nan ba. Ranar ta karya. Ta zauna a ajin bayan yara sun watse, ta buɗe shafin, ta kalla har hawaye ya ɗiga a teburin. Sannan ta mayar da maƙalin, ta ɗaga kai ta kalli tsohon agogon bangon ajin, mai lilo, wanda duk garin Abba kaɗai Hedimasta ke yarda ya taɓa. Ta share ido ta rubuta:

"Ɗan Tawada, ban huce ba tukuna. Amma ni zan aure ka. Kai ka je ka ba Abba haƙuri, sauran ka bar mini."

Ya je. Abba ko ɗago kai bai yi ba, ya ce in agogo ya kawo ya ajiye, in ba agogo ba ga hanya. Mai Zane ya koma gida ya bi dangi kaf yana tattara matattun agogo, na kawunsa, na yayarsa, har da na kakarsa da ya tsaya tun kafin a haife shi. Kullum da safe ya kawo ɗaya, ya gaishe da tsohon, ya ce ya tuba, ya tsaya. Kullum Abba ya gyara ya tura masa ba tare da ko kalma ba. Umma da ta ji labari ta ce yaron nan ko ba komai yana da naci, Abba ya ce kada a sake kawo masa zancen.

A aji kuwa shafi ɗaya ake buɗewa a rana, Malama ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ta hana tsokanar tsohon, amma ba ta hana gardama ba. Da safiyar ranar shafi na ashirin da biyu ta riga kowa zuwa, ta hau benci, ta buɗe murfin agogon, ta sa yatsa ta tsayar da lilon. Sannan ta je ta shaida wa Hedimasta cewa agogon aji huɗu ya tsaya.

Ƙarfe goma Abba ya shigo da 'yar jakar kayan aikinsa. Yara suka miƙe suka gaishe shi, ya amsa a daƙile, ya hau bencin da ke bayan aji ya ba su baya.

Malama ta ce kowa ya karanta hasashensa. Da yawa sun rubuta cewa ruwa zai cinye mai tsaron ƙofa. Wani ya rubuta cewa jarumar za ta buge shi da filafilin jirginta. Abba bai juyo ba, amma wuyansa ya sandare.

Ta zare maƙalin ta ɗaga littafin.

A hoton, ƙofar birni a buɗe take wangalau. Ruwa ya karya ginshiƙi ɗaya, babban gungumen da ke saman ƙofar ya rufto, mai tsaron ƙofar kuma ya tare shi da kafaɗunsa, gwiwoyinsa sun lanƙwashe, jijiyoyin wuyansa sun fito. A ƙarƙashin hannunsa mata da yara na wucewa. Fuskar dai ita ce, girar da tabon, amma duk wanda ya kalla ya san wanda ya zana ta ƙaunar mai ita yake.

"Me kuka gani?" Malama ta tambaya.

Wani yaro ya ce jarumar ma ba ta cikin hoton, bakin jirginta kawai ake gani. Wata ta ce to yau ba ita ce jaruma ba ke nan. Sai yarinyar nan mai ƙirga yatsu ta ɗaga hannu ta ce a koma shafi na tara, akwai abin da ba a duba ba. Aka koma. Ta ce kowa ya kalli ɗaya hannun mai tsaron ƙofar, wanda ba ya jan kunne. Hannun na bayansa, a dafe da kan wata ƙaramar yarinya da ta laɓe a jikin rigarsa.

"Ba mugunta ba ce, Malama. Tsoro yake ji kada ruwa ya shigo wa na ciki. Mu ne muka tsaya kallon kunne."

Malama kanta ba ta lura da hannun nan ba.

Agogon ya daɗe da tashi, ana jin bugunsa a cikin ajin. Abba ya sauko daga bencin a hankali, ya zo gaban aji, ya maƙala ɗan gilashin aikinsa a ido ɗaya, ya sunkuya kan littafin. Ya duba shafi na tara, ya duba na ashirin da biyu, ya daɗe a kan na biyun. Wani yaro daga bayan aji ya ce, a hankali, Baba jiya na makara, saboda ka daina faɗa mana lokaci.

Abba ya miƙe ya cire gilashin. Idon da ke ƙarƙashinsa ya kaɗa.

"Agogon nan lafiyarsa ƙalau," ya ce wa 'yarsa. "Yatsa ne ya tsayar da shi, kuma na san yatsan."

Ya ɗauki jakarsa ya fita.

Washegari Mai Zane ya zo da agogon ƙarshe da ya rage a danginsu, ya tarar da teburin Abba a waje. Abba ya nuna masa dakalin da ya taɓa korarsa daga kai ya ce ya zauna. Ya tambaye shi inda ya samo wannan hoton na kafaɗar.

Mai Zane ya ce bayan an kore shi ya koma bencin mai shayi da ke tsallaken titi, ya yi wata biyu yana kallon shagon, da niyyar ya ƙara samo abin tsokana. Sai wata rana aka tsuge da ruwa daidai tashin makaranta, yara suka cika ƙarƙashin rumfar shagon, iska ta karya sandar rumfar. Ya ga tsohon ya sa kafaɗa ya tare kwanon, ya tsaya a haka har ruwan ya ɗauke, yana ta yi wa yaran faɗa su matso ciki.

"Daga ranar na kasa zana ka da mugunta, Baba. Shafi na tara ne kawai na riga na gama, kuma girman kai ya hana ni gyarawa. Zan canja fuskar gaba ɗaya in za a sake bugawa."

Abba ya shafa kafaɗarsa ta dama, wadda har yanzu takan motsa masa in an yi sanyi. Shi ya ma manta da ranar.

"Ka taɓa fuskar nan ka ga yadda za mu yi da kai," ya ce. "Kunnen kawai za ka rage. Kuma ka daina kwaso mini agogon mutane, ka turo manyanka."

Malama na tsakiyar rubutu a allo wayarta ta yi motsi a jaka. Sai da aka fita tara ta duba:

"'Yar Alli, an buɗe ƙofa."

Ta kifa kai a tebur tana dariya tana kuka. Malamin Lissafi da ya leƙo ya ga haka ya juya, daga baya dai ya zo ya ba ta haƙuri, har ya tambaya ko akwai irin littafin nan na koyar da rabawa.

Ranar da manyan Mai Zane suka zo, Abba bai bar kowa ya taɓa ƙofar gidan ba. Shi ya zare sakata ya buɗe ta wangalau. Bayan wata biyu aka ɗaura aure, 'yan aji huɗu suka zo reras, kowa da takardar da ya rubuta hasashen yadda zaman amarya da ango zai kasance. Babu wanda ya rubuta ambaliya.

Da za a tafi da amarya, Abba ya miƙa wa angon wani agogon bango da ya haɗa da hannunsa, sannan ya dafa kan 'yarsa kamar yadda yake a shafi na tara. Ya daɗe bai ɗauke hannun ba.

"Na tsare ta iya ƙarfina," ya ce wa Mai Zane. "Ga ta nan. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. In abu ya same ku, kada ka sake cewa sai gobe."

Aka amsa da amin, Umma na share ido da gefen mayafi.

Litinin ɗin da hutun amarci ya ƙare, Mai Zane ya ɗauko matarsa a babur, littafi a cinyarta da maƙalin shanya a jiki. Sun tsaya hira a gida, sun ɗan makara. Suna shigowa layin makaranta Abba ya ɗago daga teburinsa, ya kalli agogon hannunsa, ya kalle su, bakinsa har kunne.

"Malama, saura minti uku."